Kada ka jira zuciya ta huce kafin ka motsa

Shago ya ƙone, ko an sallame ka daga aiki, ko ruwa ya ci gida kamar yadda ambaliyar madatsar Alau ta yi wa mutanen Maiduguri a Satumban 2024. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: yaushe zan ji ƙarfin tashi?

To, a nan ake yawan kuskure. Abin zagaye yake yi kamar da'ira. Damuwa ta sa ka daina zuwa majalisa, ka daina fita kasuwa. Da ka daina, ɗan abin da ke faranta maka rai ya yanke, zuciya ta ƙara nauyi, gobe fita ta fi wuya. Mai jiran ƙarfi ya zo masa yana kwance, zagayen nan zai yi ta yi. Motsi ne ke fara zuwa, daga baya kuzari ya biyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan mataki a tsarinta na taimakon masu damuwa mai suna PM+, da ta fitar a 2016, zama biyar na minti 90, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya.

Ga yadda ake yi. Zaɓi abu biyu kacal, ɗaya na jin daɗi, ɗaya na wajibi. A ce shan shayi da aboki, da rubuta sunayen waɗanda kake bi bashi. Ka gutsuttsura kowanne har ya zama aikin minti 10, sannan ka ɗaura shi a kan lokacin da ba ya kuɓucewa, kamar bayan la'asar. "Zan gyara rayuwata" ba aiki ba ne. "Talata bayan la'asar zan kira mutum ɗaya" shi ne aiki.

Inda yake lalacewa? Mutum ya ɗauko babban abu, ya kasa, ya ce ai dama ni ba na iyawa. Ko kuma ya yi rana ɗaya, bai ji daɗi ba, ya watsar. Ranar farko sau da yawa salam take, ka dai yi alama a takarda cewa ka yi. Ni a ganina, ɗan'uwan da zai zo ya raka ka ya fi nasiha goma ta waya amfani.

Sauran matakan tsarin a gurguje. Numfashi: shaƙa daƙiƙa uku, ciki ya kumbura, fitar daƙiƙa uku, na minti biyu. In jiri ya ɗebe ka, ka rage zurfi. Matsaloli kuma ka ware waɗanda ke hannunka, ka fara da mafi sauƙi.

Amma in an kai mako biyu barci ya ƙi, abinci ya fita rai, komai ya daina daɗi, a je asibiti a ga likita. In tunanin kashe kai ya shigo, a faɗa wa wani na kusa, a tafi yau ɗin nan.