IgE ko IgG4: a duba saman takarda kafin a hana yaro madara da gujiya

[Hoto: allon waya, takardar awon jini tana yawo daga zaure zuwa zaure a WhatsApp]

Kun sha ganin irin wannan takarda, wadda ake cewa tana nuna abincin da jikin yaro ba ya karɓa, wato alarji. Jerin abinci ne, madara, ƙwai, gujiya, alkama, kifi, kowanne da lamba a gabansa, wasu an shafa musu ja. A ƙarƙashinta sai saƙon murya: duk abin da ya yi ja, a raba yaro da shi. Iyaye a nan Yamai sun yi ta tambaya ko gaskiya ne, wasu ma sun riga sun ɗauke kwanon fura da nono daga gaban yaro.

Ku dakata tukuna. Ku kai ido can saman takardar, inda aka rubuta sunan awon. Ko dai ku ga IgE, ko IgG, wani lokaci IgG4. Wannan ɗan bambanci na harafi shi ne zancenmu na yau.

[Zane: jini yana gudu, ƙananan siffofi masu hannu biyu suna shawagi]

Mu yi sauri a nan. Garkuwar jiki tana ƙera wasu sunadarai da likitoci ke kira antikor. Aikinsu gane baƙon abu su cafke shi. Iri biyar ne: IgG, IgA, IgM, IgD da IgE. Na ƙarshen ya fi kowanne ƙaranci a cikin jini, shi ya sa sai a shekarun 1966 da 1967 aka gano shi, wasu mata da miji ƴan Japan masu suna Ishizaka a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin.

Ɗan kaɗan ne, amma shi ke tayar da alarji na gaggawa. Yana liƙe a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ke fata, da hanci, da hanji, da hanyar numfashi. In furotin na gujiya ya shigo ya haɗa IgE biyu wuri guda, sai ƙwayar ta zubo da sinadarin histamin. Cikin mintuna kaɗan, ko dai kafin awa biyu, ga borin jini, leɓe ya kumbura, ga amai, wani yaron har numfashi ya sarƙe.

[Hoto: hannun yaro da borin jini, kusa ƙwarai]

Wannan shi ne alarjin abinci na haƙiƙa, kuma ba abin wasa ba ne.

[Hoto: a koma kan takardar, a zagaye haruffan IgG]

To shi kuma IgG fa? A nan ne ake yin tuntuɓe, don haka zan tafi a hankali.

Jikin mai lafiya yana yin IgG a kan abincin da ya saba ci. Yaron da ke shan madara kullum, in an auna jininsa, ba mamaki a samu IgG na madara. Wanda ke cin ƙwai, a samu na ƙwai. Wanda ƙuli-ƙuli ba ya rabuwa da aljihunsa, to kun san sauran. Takardar ba ciwo ta gano ba, abin da ake dafawa a gidanku ta karanto.

A cikin dangin IgG akwai ɗan autansu, IgG4, wanda ya fi sauran ukun ƙaranci. Shi kamar mai rabon faɗa ne a unguwa. Kafin furotin ɗin abinci ya kai ga IgE, sai ya sha gabansa ya riƙe shi, kuma shi ba ya tayar da ƙura. Ku dubi zanen nan da kyau.

[Zane: IgG4 biyu suna musayar hannu ɗaya-ɗaya]

A 2007 masu bincike a Holan suka nuna cewa IgG4 yana rabuwa gida biyu, ya yi musayar rabinsa da wani IgG4. Sai ya zama hannunsa na dama abu ɗaya yake kamawa, na hagu wani abu dabam. Da haka ba ya iya ɗaure abubuwa su zama curi, ba ya kuma hura wutar kumburi. Riƙewa kawai yake yi. Ni dai a duk ilimin garkuwar jiki, ba abin da ya kai wannan burge ni.

Ba yau aka fara hango shi ba. Tun 1935 wani likita a Amurka, Robert Cooke, ya lura cewa jinin waɗanda aka yi wa allurar sabo da ƙurar furanni yana ɗauke da wani abu mai tare alarji. Masu kiwon zuma ma shaida ne: waɗanda suka daɗe suna shan harbi, jininsu cike yake da IgG4 na dafin zuma, harbin kuma bai cika kayar da su ba.

Saboda haka in takarda ta nuna IgG4 na madara ya yi sama a jikin yaron da ke shan madararsa lafiya lau, alamar sabo ce. Jiki ya san abin, ya kuma yarda da shi. Tun 2008 ƙungiyar likitocin alarji ta Turai ta ce kada a yi amfani da awon IgG4 wajen gano alarjin abinci. Wanda ya biya jikkuna aka yi masa wannan awo, sannan ya hana yaro abincin da ya yi ja, ya karanta takardar ne a juye.

[Hoto: jarirai a asibiti, cokali da kunun gujiya]

Ga hujja mai nauyi. A Landan an yi wani bincike mai suna LEAP, ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack, aka fitar da sakamakonsa a 2015. Jarirai 640 ne, ƴan wata 4 zuwa 11, masu tsananin kircin fata ko alarjin ƙwai, wato waɗanda ake jin tsoron gujiya za ta zame musu matsala. Rabi aka riƙa ba su gujiya a kai a kai, rabi aka hana su. Da suka kai shekara 5, cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu da alarjin gujiya. Cikin masu ci, kusan 3 kacal. Da aka duba jininsu, masu ci su ne IgG4 ɗinsu ya hau, ya rinjayi IgE. Hanin ne ya bar jiki bai saba ba.

A kula: niƙaƙƙiyar gujiya ake nufi, a dama ta cikin kunu bayan jariri ya cika wata 6 yana shan nonon uwa zalla. Ƙwayar gujiya tana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Jaririn da fatarsa ta yi tsanani kuwa, a fara ganin likita.

[Hoto: kogin Isa daga kan Gadar Kennedy, yara suna wanka a bakin ruwa]

Yanzu wani zai ce, to ni tawa takardar IgE ce, kuma ta yi ja. Ita wannan awo ce ta gaske, likitoci suna aiki da ita. Amma ko ita ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Yawanci in lambar da ke gaban abincin ta kai 0.35 ake cewa an samu IgE, sai dai samun IgE yana nufin jiki ya shaida abin ne kawai. Yara da yawa suna da shi, suna kuma cin abincin ba ko ƙaiƙayi.

Mu a wannan yanki akwai ƙarin dalili. A wani bincike da aka yi kan ƴan makaranta a Gana, aka buga shi a 2013, kusan ɗaya cikin shida suna da IgE na gujiya a jini, amma waɗanda suka ce gujiya tana damunsu ba su kai 2 cikin 100 ba. Masu binciken suka ga abin yana tafiya tare da tsargiya. Tsutsar tsargiya tana da wasu sukari a jikinta masu kama da na tsirrai, sai IgE da jiki ya yi domin tsutsa ya kama gujiya a cikin kwalbar awo. Ku dubi yaran nan da ke wanka a kogi, inda ake kamuwa da tsargiya. Irin jininsu ne zai iya ruɗa na'ura.

[Hoto: ɗakin likita, uwa da yaro a cinya]

Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, kafin ya dubi lamba, tambaya yake yi.

“Hajiya, da ya ci ƙwan, bayan minti nawa kika ga wani abu?”

“Likita, ai bai taɓa yin komai ba. Jiya ma ya ci, kafin mu karɓo takardar.”

“To kada ki raba shi da shi.”

In kuwa ta ce bakinsa ya kumbura nan take, zance ya sauya. Sai a yi awon IgE na wannan abinci kaɗai, ko gwajin fata. In shakka ta rage, akwai gwajin da ya fi kowanne tabbaci: a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a cikin asibiti, likita na tsaye, allurar adrenalin ta ceton gaggawa na kusa. A asibiti na ce. Kada kaka ta gwada a gida don tana ganin yaron ya yi ƙarfi.

[Hoto: kwanon kopto ana barbaɗa ƙuli-ƙuli, mai kilishi, uwa tana ba yaro ƙunshin Plumpy'Nut]

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni ke nan. A ƙasar da ake jinyar tamowa da abincin da aka haɗa da gujiya da garin madara, wato Plumpy'Nut, a ce takarda ta sa an cire wa yaro gujiya, da madara, da ƙwai a lokaci guda, me ya rage masa? Kuma yaron da jikinsa ke da IgE amma ya saba da abincin, in aka yanke masa shi na tsawon lokaci, sabon yana iya gushewa, ranar da ya koma ci ya gamu da alarjin da a da babu.

[Zane: layi biyu, na IgE yana sauka, na IgG4 yana hawa]

Ga yaron da aka tabbatar yana da alarji, waɗannan layuka biyu ne masu bincike ke bi. Yawancin yara suna rabuwa da alarjin madara da na ƙwai yayin da suke girma. Na gujiya ya fi naci, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. In sauƙi na tafe, sau da yawa IgE yana raguwa, IgG4 yana ƙaruwa. Haka ma a jinyar da ake ba yaro abincin ƙanƙani ana ƙarawa a hankali ƙarƙashin kulawar likita: IgE kan ɗan tashi da farko, daga baya ya sauko, IgG4 ya yi sama. Amma har yanzu babu wata lambar IgG4 da za a kalla a ce yaro ya warke. Likita zai maimaita awon IgE lokaci zuwa lokaci, in ya ga ya faɗi sosai, sai ya sa ranar gwajin ci a asibiti.

Kafin wannan rana, yaron da ya taɓa kumbura ya ci gaba da nisantar abincin, a kuma sanar da malamansa da duk mai ba shi abinci. In ya ci bisa kuskure, muryarsa ta dushe, ko numfashi ya yi wuya, ko jikinsa ya saki, kada a tsaya neman takarda ko jiƙa wani abu. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a gaya musu abin da ya ci da lokacin da ya ci shi.