Da Wane Python Kake Magana?

Jama'a, barkanmu da yamma. Yau a kan PATH za mu tsaya, domin yawancin masu zuwa da kukan "Malam, pip ya ƙi aiki", nan ciwonsu yake. Pip dai shi ne umarnin da ke saka wa Python kunshin ƙarin kayan aiki.

Idan ka rubuta `pip`, kwamfuta ba ta bincika duk abin da ke cikinta. Tana da jerin folda, shi ake kira PATH. Daga ta farko take farawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, inda ta fara cin karo da sunan, nan take tsayawa. In ta rasa, Windows ta ce "pip is not recognized", Linux ta ce "command not found". Python yana nan lafiya lau, kwatancen gidansa ne ba a yi mata ba. Don Allah ku daina gogewa kuna sake saukewa, asarar data ce kawai.

A shafin farko na saka Python a Windows akwai ɗan akwati a ƙasa, "Add python.exe to PATH". Ku danna shi. Wanda ya gyara PATH da hannu kuma, ya rufe tagar umarni ya buɗe sabuwa, tsohuwar ba ta san an yi gyara ba.

To, ga wadda ta fi wahalar da mutane. Ka saka kunshi, pip ya ce an gama, ka kunna shirinka sai ga "ModuleNotFoundError". Sau da yawa Python biyu ne a kwamfutar, ko uku. Pip ya zuba kayan a wurin wannan, kai kuma kana kiran wancan. Tun 2019 ma Windows 10 take zuwa da wani `python.exe` a foldar WindowsApps wanda aikinsa ya kai ka Microsoft Store, kuma in yana gaba a jerin, shi zai amsa. Shi ya sa kullum nake cewa ku rubuta `python -m pip install`. Da haka, Python ɗin da ka kira shi zai karɓi kayan. In aikin na gaske ne, ka yi masa nasa muhallin, wato keɓaɓɓiyar foldar da kayansa za su zauna, da `python -m venv` sai sunan foldar, ka huta.

Masu Linux, in pip ya yi gargaɗin cewa `~/.local/bin` ba ya cikin PATH, ku ƙara shi a PATH ta cikin fayil ɗin `.bashrc`.

Abu ɗaya nake roƙonku masu Windows: kada ku taɓa PATH da umarnin `setx`. Yana datse duk abin da ya wuce haruffa 1024, sai ka wayi gari wasu manhajojin sun daina amsawa. Ku bi ta tagar "Environment Variables".

Yanzu kowa ya rubuta `where python`, masu Linux `which -a python3`. Wanda ya ga layi fiye da ɗaya ya ɗaga hannu, zan zagayo.