Yadda ake baje zanen fenti da hoton kyamara a ƙaramin ɗakin nuni na ƙauye

Assalamu alaikum masu kallo. Ƙauyen Barbizon yana ƙasar Faransa, a bakin dajin Fontainebleau, tafiyar kusan kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Faris. A ƙarni na 19 masu zane suka riƙa baro birni suna zuwa nan domin su zana itatuwa da duwatsu da gonaki suna kallonsu ido da ido. Théodore Rousseau ya zauna a ƙauyen har rasuwarsa a 1867. Jean-François Millet ya tare a 1849, a nan shi ma ya rasu a 1875. Masaukin Ganne, inda baƙin masu zane suke sauka, yau ya zama ɗan gidan nuni, kuma har yanzu ana ganin zanen da suka yi a jikin bango da kayan ɗaki.

Abin da ya sauƙaƙa musu fita daji shi ne bututun fenti na ƙarfe mai laushi da wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙunsa fentin mai, da an huda ta kuwa sai ya fara bushewa. Ba a daɗe ba masu kyamara suka biyo sahu, irin su Gustave Le Gray. Dajin ya yi suna har ta kai a 1861 hukuma ta keɓe fiye da hekta 1,000 ta hana sare su saboda kyansu.

To, daji ɗaya ne, amma abu biyu ake fitarwa daga cikinsa, kuma duk mai son ya rataye su a ɗaki guda dole ya san cewa jikinsu ya bambanta. Zanen fentin mai launi ne da aka kwaɓa da mai aka shafa a kan ƙyalle, ƙyallen kuma an ɗaure shi a kan katako. Hoton kyamara takarda ce mai siririn shafe a fuskarta. Abin da ɗaya zai jure shekara da shekaru, ɗayan cikin 'yan watanni zai nuna alamar wahala. Yawancin ɓarnar da ake gani a ƙananan ɗakunan nuni daga rashin lura da wannan take fitowa, ba daga rashin kuɗi ba.

Mu fara da haske, domin shi ne ya fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ana auna ƙarfin hasken da ke sauka a kan abu da ma'aunin da ake kira luks. Gidajen adana kayan tarihi suna riƙe zanen fentin mai a tsakanin luks 150 zuwa 200. Abin da ke kan takarda kuwa, wato zanen fentin ruwa da tsofaffin hotuna, luks 50 ake ba su. Ku kwatanta da rana tsaka a fili, wadda takan kai luks 100,000. Kuma ɓarnar haske taruwa take yi: awa 10 a luks 500 daidai yake da awa 100 a luks 50. Launin da ya koɗe ya koɗe ke nan, ko da an mayar da hoton cikin duhu ba zai dawo ba.

Saboda haka kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a yini guda ana lura da ɗakin. A shiga da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, a sa alama da alli a duk inda rana ta taɓa bango. Wurin nan ya haramta ga kowane aiki. Tagar da ke zuba rana a sa mata labule mai kauri. Bangon da ya fi duhu a ba wa hotuna da aikin takarda, wanda ya fi haske a ba wa fentin mai. Manhajar auna haske ta waya ba ta kai na'urar gaske daidaito ba, amma za ta nuna muku bambancin 60 da 600, wanda shi ne ake nema.

Fitila kuma a nemi ƙwan LED, domin ba ya fitar da zafi sosai a kan aikin, kuma sola ƙarama tana ɗaukarsa. A duba lambobi biyu a jikin kwalinsa. Ta farko 3000K, wato haske mai ɗan ɗumi. Ta biyu CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan yake fito da launi na gaskiya, a nemi 90 ko fiye. Ƙwai mai arha mai farin haske kamar shuɗi yakan kashe jan ƙasa da ruwan ɗorawar busasshiyar ciyawa, alhali su ne ran zanen daji. Sai kusurwa: hasken ya sauko a karkace da digiri 30 daga layin tsaye. Idan silin ɗinku mita 3 ne, tsakiyar hoton kuma tana santimita 145 daga ƙasa, to ƙwan ya kasance wajen santimita 90 daga bango. In ya matso bango da yawa, firam zai jefa inuwa a kan saman zanen, kaurin fenti kuma ya yi ta tsinke-tsinken inuwa. In ya yi nisa, hasken zai dawo daga gilashi kai tsaye cikin idon mai kallo, ya tsaya yana kallon fuskarsa maimakon dutse da gajimare.

Yanzu firam ɗin hoto, inda gaggawa take yawan jawo asara. Hoto ba ya taɓa gilashi. Ku ɗauki misalin hoton da aka manna kai tsaye a jikin gilashi: laima ta shiga, fuskar hoton ta liƙe, yanzu duk wanda ya yi ƙoƙarin ɓamɓarewa zai tafi da sararin samaniyar gaba ɗaya. Maganinsa kwali mai taga a tsakiya, mai kaurin milimita 1.5 ko fiye, wanda zai raba takarda da gilashi. Kwalin ya zama marar asid. Kwalin katan na shago da takardar jarida suna da asid, bayan wani lokaci za ku ga layi ruwan ƙasa ya zagaye hoton. Salatif ma haka: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, ƙarshe kuma ya bushe ya saki. A yi amfani da 'yan aljihunan kusurwa da ake soka hoto a ciki, ko a liƙa shi daga sama kawai a wuri biyu da siririyar takarda da kokon sitaci. A bar gefe da ƙasa a sake, domin takarda tana buɗewa tana tsukewa gwargwadon danshin iska. Wadda aka ɗaure ta kusurwa huɗu ba ta da wurin motsi, sai ta yi tudu a tsakiya.

Wanda zai buga sabon hoto ya tambayi mai ɗab'i irin tawadar da ke cikin injinsa. Akwai mai narkakken rini, akwai mai garin launi. Mai garin launi ta fi daɗewa a gaban haske nesa ba kusa ba, kuma ita ta dace da hoton da za a sayar wa mutum ya rataye a ɗakinsa.

Fentin mai ba ya bukatar gilashi a yawancin lokuta, amma yana bukatar haƙuri. Samansa yakan bushe cikin kwanaki, cikinsa kuwa sai ya ɗauki wata 6 zuwa 12. Wanda ya shafa banish, wato man sheƙi da ake rufe zane da shi, kafin nan don ya ci ranar buɗe nuni ya haɗa banish da fenti wuri guda, duk ranar da aka zo wanke banish ɗin sai ya taho da launi. Gara a nuna zanen ba sheƙi.

Ga ratayewa. A ja zare a bango a tsayin santimita 145, shi ne tsakiyar kowane aiki, babba da ƙarami. Lissafin ƙusa kuma ga shi. A ce firam tsayinsa santimita 60, rabinsa 30. A ja wayar ratayewa da ke bayan firam sama da yatsa har ta miƙe, a auna daga nan zuwa saman firam, a ce an samu 8. To 145 a ƙara 30 a cire 8, ƙusa tana kan 167. Zoben da ke riƙe waya a ɗaura su a kashi ɗaya cikin uku daga sama. Aiki mai faɗi, kuma zanen daji yawanci mai faɗi ne, a ba shi ƙusa biyu, in ba haka ba kullum aka buga ƙofa sai ya karkace, kuma babu inda karkata take fitowa fili kamar a hoton da ke da miƙaƙƙen layin haɗuwar sama da ƙasa. A bangon bulo a huda rami a cusa roba kafin a ɗaura sukuru. A bangon laka ƙusa ba ta da amana, gara a kafa dogon katako a sama a riƙa sauko da waya daga jikinsa. A bayan kowane firam, a kusurwoyin ƙasa biyu, a manna ɗan guntun roba don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango.

Jerawa ita ce ke nuna ko mai ɗakin yana da ido. A jingina komai a ƙasa a kan tabarma tukuna, a yi ta musanya wuri kafin a taɓa guduma. Hoton kyamara yana kiran mutum ya matso ya ga ɓawon itace, babban zanen fenti yana tura shi baya, don haka a bar masa fili na mita 2 zuwa 3 a gabansa. Kada a sa ƙaramin hoto baƙi da fari a gefen zane mai ƙarfin launi, zai danne shi. Amma inda aka samu zane da hoto na wuri ɗaya, a ganinmu a haɗa su kusa, domin a nan ne mai kallo yake koyon abu. Zai ga mai fenti ya matsar da bishiya, ya cire turken waya, ya ƙara wa gajimare nauyi. Kada kuma ya ɗauka kyamara ba ta zaɓe. A zamanin Le Gray sinadarin ɗaukar hoto yana saurin kama shuɗi, sai sama ta fito fari fat idan an jira ƙasa ta fito sosai. Shi ya sa a wasu hotunansa na teku na wajen 1857 ya ɗauki sama daban, ruwa daban, ya haɗa su a takarda ɗaya.

Takardar bayani ta ƙunshi sunan mai aiki, sunan aikin, shekara, abin da aka yi shi da shi, da sunan wurin. A ƙauye sunan wurin nan yana da nauyi, domin masu kallon sun san dutsen, wataƙila ma gonar kakan wani ce a gindinsa. A rubuta sunan da mutanen garin suke kiran wurin da shi. Hoton da aka buga kwafi ƙidayayyu a rubuta lambarsa da fensir a baya ko a gefe, misali 3/10, kuma mai hoto ya tsaya a kan goman nan.

Sai laima, wadda duk mai son yin irin wannan ɗaki a ƙasar Hausa zai fi fama da ita fiye da mutanen Barbizon. Abin da ake so shi ne danshin iska ya zauna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Da hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, a watan Agusta kuma ya haura 80. Da ya wuce 65 zuwa 70 ya daɗe a haka, fumfuna ta samu gida, za ku fara ganin ɗigo-ɗigo a cikin gilashi da warin ruma a bayan firam. Da bushewa ta yi tsanani kuma, katako ya tsuke, fenti ya yi gautsi ya fara tsagewa. Ƙaramin agogon auna danshi ba shi da tsada, a rataye shi a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Da damina a guji bangon gabas, inda ruwa da iska suke duka, a buɗe tagogi a ranar da gari ya washe, a rufe in hadari ya haɗu. Idan ƙyallen zane ya saki a wannan lokaci, kada a yi saurin buga 'yan katakan da ke kusurwoyin bayansa don a ɗame shi, domin da hunturu ya shigo zai ɗame da kansa, wanda aka riga aka matse kuwa sai ya tsaga fentin. Ɗaki mai rufin kwano dole a yi masa silin, janareta da murhu su yi nesa da taga, turaren wuta ma a bar shi waje, duk hayaƙinsu a kan fenti yake kwanciya.

Ƙura a share ta da busasshen buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Jiƙaƙƙen tsumma ba ya zuwa kusa da zane. Gilashi kuma a fesa ruwan gogewa a jikin tsumma, ba a jikin gilashin ba, don kada ya gangara ya shige ƙarƙashin firam. Duk mako a ɗaga firam biyu ko uku a leƙa baya, gara da kyankyaso daga can suke fara aiki, kyankyaso ma sitacin da aka liƙa hoto da shi yake bi.

Ranar da aiki ya iso, a ɗauki hotonsa da waya gaba da baya a gaban mai shi, duk wani tsohon ƙarzo ko tabo a rubuta, kowa ya sa hannu. Aikin takarda kada ya wuce wata 3 a bango, a sauke shi ya huta a duhu a rataye wani. Wajen ajiya a tsayar da firam a tsaye a kan katako, aƙalla santimita 10 daga daɓe, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani, don zoben wani kada ya huda ƙyallen wani. Kada a naɗe su da leda, tana riƙe gumi, tsohon zanen gado mai tsabta ya wadatar.