Me Ya Sa Fuskoki Ke Yin Duhu a Hotunan Bakin Teku?

Tambayar da ake yawan yi ita ce wannan: iyali sun je hutu bakin teku, rana ta take, haske ya cika ko'ina, amma da aka duba hotunan sai ga ruwa da yashi sun fito tar, fuskokin yara kuwa sun yi duhu har ba a bambance mai murmushi da mai kuka. Da yawa sun ɗora wa wayar laifi, alhali aikin da aka tsara mata ta yi.

Ga abin da ke faruwa. Kyamara tana auna hasken duk abin da ta hango, sannan ta yi ƙoƙarin mayar da shi matsakaici, kwatankwacin launin toka mai dawo da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A bakin teku kuwa, farin yashi da ƙyallin ruwa da sararin sama ne suka mamaye hoton, don haka sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi, kuma fuskoki, da yake ɗan wuri kaɗan suka ci, su ne ragin ya fi shafa. Idan fatar mutum baƙa ce, ko rana tana bayansa, duhun yakan ƙaru.

Ga matakin da ake tsallakewa. Kafin ku ɗauka, ku taɓa fuskar mutumin a kan allon wayar, domin kyamarar ta auna hasken daga nan. A yawancin wayoyi alamar rana za ta bayyana, sai ku ja ta sannu a hankali har idanu su fito. Idan yaran ba sa tsayawa wuri ɗaya, ku danna fuskar ku riƙe na ɗan lokaci, ma'aunin zai kulle, ba zai sauya ba ko sun motsa. Mai babbar kyamara kuma ya ƙara haske da mataki ɗaya, wato +1. Gaskiya ne sama za ta ɗan yi fari, gajimare ya dusashe, amma a ganina fuskar kaka tana dariya da jikokinta ta fi gajimare daraja nesa ba kusa ba.

Kada ku ce su fuskanci rana, domin runtse ido za su yi. Inuwar lema ta fi, kuma farin tawul da wani ya riƙe daga ƙasa yakan mayar da haske a fuska. Sa'a guda bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta haske ya fi taushi. Ku kunna layukan da ke raba allon kyamara gida-gida domin teku kada ya karkace, ku kuma goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi bayan kun hure yashin, don kada ya karce shi.

Wajen neman ra'ayin wasu a kan hotunanku, ku zaɓi kaɗan, ku aika su a matsayin fayil idan ta WhatsApp ne, saboda aikawa ta yau da kullum tana rage ingancinsu. 'Yan uwa za su ce ya yi kyau, kuma ƙauna ce ta sa, don haka wanda ya san aikin ɗaukar hoto, ku yi masa tambaya takamaimiya: hasken fuska ya isa, ko inuwar ƙarƙashin ido ta yi yawa? Ku gaya masa lokacin da aka ɗauka da gefen da rana take. Idan kuwa hotunan za su fita daga cikin dangi, ku nemi yardar waɗanda ke ciki, ku cire bayanin wurin da waya ke liƙawa a fayil ɗin, musamman idan akwai yara.