Komawa karkarar Faransa da zama: takarda kafin gida

A jihohin tsakiyar Faransa, irin su Creuse da Indre da Allier da Nièvre, za ka ga tallan tsohon gidan dutse da lambunsa da rumbunsa a kan kuɗin da ba zai sayi ɗaki guda a birnin Paris ba. Gidajen na gaskiya ne. Matasa sun koma birane, tsofaffi sun rasu, magada suna neman mai saye. To amma ka riƙe wannan tun da wuri: sayen gida a Faransa ba ya ba ka izinin zama. Baƙo daga kowace ƙasa zai iya mallakar gida, amma ya shiga ya zauna a cikinsa shekara da shekaru, wannan sai da takarda.

Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana buƙatar bizar dogon zama, wadda ake nema tun yana ƙasar da yake zaune, ta shafin France-Visas. Kuɗinta yuro 99. Mafi yawan masu komawa karkara suna neman irin wadda ake kira bizar baƙo, wato ta wanda zai ci daga aljihunsa. Za ka sa hannu cewa ba za ka yi aiki a Faransa ba, ka nuna kuɗin shiga da ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, wajen yuro 1,400 a wata, ka kawo inshorar lafiya ta shekara guda da shaidar masauki. Idan niyyarka noma ce ko buɗe masaukin baƙi, wannan bizar ba taka ba ce, akwai ta masu sana'a daban, kuma ita sai an ga tsarin kasuwancinka a rubuce.

Bayan ka sauka, kana da wata uku ka tabbatar da bizar ta intanet, ka biya harajinta. Mutane da yawa suna sakaci a nan, sai wa'adi ya wuce su wayi gari ba su da izinin zama. Sabuntawa kuma ana nemanta tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin ta ƙare, kuma mai takardar baƙo duk shekara zai sake. Galibi sai bayan shekara biyar ne zai iya neman katin zama na shekara goma, kuma daga Janairun 2026 sai ya nuna Faransancinsa ya kai matakin B1, wato matsakaicin iya harshe, ya kuma ci jarrabawar sanin ƙasa.

Yanzu gida. Shawararmu ita ce ka kama haya, ka yi hunturu guda a yankin kafin ka saya. Gidan da ya burge ka a watan Yuli, rana tana haske har ƙarfe tara na dare, shi ne a watan Janairu bangonsa yake tsattsafo da danshi, duhu ya rufe tun ƙarfe biyar na yamma, kana ɗura itace a murhu ɗakin ya ƙi ɗumi.

Ciniki duk yana bi ta hannun jami'in shari'a da ake kira notaire. Da farko ana sa hannu a yarjejeniyar alkawari, mai saye ya ajiye kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na farashi. Yana da kwana goma da zai iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa cif. Idan ya fasa bayan haka ba tare da sharaɗin da aka rubuta ba, kuɗin ajiya ya tafi. Kammalawa takan ɗauki kamar wata uku. Ka ƙara kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari a kan farashin tsohon gida, mafi yawansa haraji ne. Idan gidan yana haɗe da gona, hukumar SAFER mai kula da cinikin filayen noma tana da ikon shiga gabanka ta saya, kuma ana ba ta wata biyu ta yanke shawara.

Mai sayarwa dole ya ba ka rahotannin binciken gidan, kuma a nan ya kamata ka zauna ka karanta da kyau. Akwai na cin makamashi, daga harafin A zuwa G. Tsofaffin gidajen ƙauye sukan faɗa F ko G, ma'ana kuɗin ɗumama ɗaki zai cinye ka. Akwai na dalma ga gidan da aka gina kafin 1949. Wanda ya fi cizon mutane shi ne na ramin masai. Gidajen karkara da yawa ba a haɗe suke da magudanar gari ba, kowanne da tankinsa a ƙarƙashin ƙasa. Idan hukumar SPANC mai duba irin waɗannan tankuna ta ce tankin bai cika ƙa'ida ba, mai saye yana da shekara guda ya gyara, kuma aikin yakan kai yuro 10,000. Ka sa wannan cikin ciniki tun kafin ka sa hannu. Rufi kuma ka kira magini ya hau ya duba katakon da idonsa, domin rahotannin ba su tabbatar da ƙarfinsa.

Kafin ka canza taga ko ka taɓa fuskar gida, ka je ofishin magajin gari ka sanar. Ko ba don gyara ba, ka je ka gaisa. A ƙauye mai mutum ɗari uku, magajin gari ya san wanda yake sayar da itace, da wanda yake share bututun hayaƙi, aikin da doka ta wajabta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Bayan wata uku na zama, kana iya neman shiga tsarin lafiyar gwamnati. Ganin likita yuro 30 ne, tsarin ya mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari, sauran sai inshorar ƙari. Matsalar ita ce samun likitan, domin a irin waɗannan yankuna da yawansu sun daina karɓar sababbin marasa lafiya. Ka tambaya kafin ka zaɓi ƙauye.

Mota kuwa dole ce. Lasisin tuƙinka na gida yana aiki shekara guda kawai. Idan ƙasarka tana da yarjejeniyar musaya da Faransa, ka nemi canji cikin wannan shekarar, in ba haka ba sai ka sake jarrabawa daga farko. Musulmi kuma ya auna nisan masallacin Juma'a da mahaucin halal, don sau da yawa suna babban gari ne kamar Limoges. Ragon layya ma doka ta hana yanka shi a gida, sai a mayankar da gwamnati ta amince da ita, kuma ana yin rajista tun makonni kafin Sallah.