Mawaƙa sun yi yawa, makaɗa sun ƙare: lacca kan kiɗan rege a Maraɗi

An ɗauki wannan lacca a wani zaman matasa masu sha'awar kiɗa a Maraɗi. Mai laccar tsohon makaɗin jita ne. An rubuta ta yadda ya yi ta, sai 'yan gyare-gyare.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke nan gaba, malamai, da ƙannena da kuka cika bayan zaure, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla. In wuta ta ɗauke kada kowa ya tashi, muryata ta saba aiki ba lasifika.

An ce in yi magana a kan rege da halin da masu yinsa suke ciki a garin nan. Zan fara da wani yaro. Ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin zauren nan, ga shi can ya riga ya sunkuyar da kai. (dariya)

Shekara uku ke nan ya yi mini sallama bayan isha'i. Ɗan kabu-kabu ne, ya jingina babur a ƙofar gida, ya miƙo mini salula ya ce, "Baba, don Allah ka saurara." Waƙa ce a kan yayansa da ya tafi haƙar zinariya a Jado, lokacin da aka gano ta a 2014 samari suka yi ta kwarara arewa, har yau ba shi ba labarinsa. Akwai wurin da yake cewa innarsu ba ta daina zuba tuwo a kwanon yayan ba. Da ya kai nan, maiɗakina da ke bayan labule ta bar abin da take yi. Murya kam Allah ya ba shi, kuma ya san inda magana take taɓa mutum.

Na ce, "Ɗana, wa ya kaɗa maka bas, jitar nan mai kaurin murya?" Ya ce kwamfuta. Ganga fa? Kwamfuta. Ashe kiɗan ma daga YouTube ya sauko da shi, na wasu Turawa ne da suka zuba shi kyauta, ya kai sitidiyo ya ɗora murya. Na ce in an gayyace ka wasa gobe, da wa za ka hau? Ya ce da salular.

To a nan maganata ta yau take. Rege kiɗan taro ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku da kuke son Bob Marley, wa zai faɗa mini sunan mai kaɗa masa bas? Shiru. Aston Barrett sunansa, ana ce masa Family Man, ƙanensa Carlton kuma shi ne mai ganga. Wa da ƙane ne suka riƙe ƙugun kiɗan nan da kuke rausaya kai a kansa. Ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A yawancin kiɗan Turawa bugu mai nauyi yana kan ɗaya. A rege mai ganga sai ya bar ɗayan nan wayam, ya saki nauyi a kan uku. Mai jita yana sara gajere a kan biyu da huɗu, kamar mai yankan ciyawa da lauje. Bas kuwa shi ke tafiya da waƙar, ya yi magana, ya yi shiru, ya dawo. Wannan ramin da ake bari shi ne daɗin abin, kuma mutane ne suke jin numfashin juna su bar shi. Na'ura tana iya kwaikwayo, ban musa ba. Amma ba ta ganin taro ya motsa ta ƙara wuta, ba ta ganin mawaƙi ya gaji ta rage. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a wurin buki ya san abin da nake nufi: ido suke haɗawa da mai rawa.

A Kingston ta Jamaika, inda abin ya tsiro a ƙarshen shekarun 1960, ɗakunan ɗaukar waƙa irin su Studio One makaɗa suke ajiyewa na dindindin. Yaro ya zo da muryarsa kawai, ya tarar da mutane suna jiransa da kayan kiɗa a hannu. Mu ma nan ba a rasa ba. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, da samariya da bukin matasa na ƙasa, kowace jiha tana da 'yan wasanta, ana gasa, ana jin kunyar a sha kaye. A 1987 aka fara gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu. A Yamai aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Daga irin wannan ƙasa mai taki Sa'adu Bori namu ya fito, har suka yi faifai da Musa Pusi a 1994 wanda ya kai Turai. Adams Junior kuma ya nuna ɗan Nijar na iya rege a saurare shi. Ba kewar mulkin soja nake ba, kada a fita a ce na faɗa. Abin da nake cewa, a lokacin yaro yana iya shiga gidan matasa ya tarar da jita a rataye, da wanda zai nuna masa inda ake ɗora yatsa. Ni haka na koya, ban taɓa sayen tawa ba sai da na yi aure.

Me ya cinye wannan? Da farko kuɗi. Mai buki ya lissafa: makaɗa shida, da abincinsu, da motar kayansu, da injin wuta, ko kuwa yaro ɗaya da lasifika biyu da waƙoƙin Kano cike da kati? Ko ni ne mai aurar da ɗiya na san wanda zan kira. Kuma kada mu raina waƙoƙin Kanon nan. Harshenmu ɗaya, Katsina tana nan kusa da mu fiye da Yamai nesa ba kusa ba, suna da fim da ke tallata musu waƙa, suna da kasuwar da ta ninka tamu sau da yawa. Mu a bakin babban kogi muke zaune, ruwansa ne ke shigo mana gida.

Sai wurin wasa. Manya a nan suna tuna watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar da aka yi kan bukin nunin tufafi na FIMA, yadda aka ƙona mashayu da wasu wurare a garin nan. Ba shari'ar wannan rana na zo yi ba. Amma makaɗin zamani a irin waɗannan wurare yake samun na cefane kowane dare, kuma ba mu gina masa wani wuri mai mutunci a madadinsu ba, inda uba zai zo da iyalinsa ya zauna. Wanda ya iya bas sai ya koma gyaran rediyo, mai ganga ya tafi Yamai ko Kwatano.

Wuta kuma kun fi ni sani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke lantarkin da take turo mana aka rufe iyaka, yaron nan wata da watanni bai ɗauki ko baiti ɗaya ba. Mai sitidiyo ya ce sai ya zo da kuɗin man inji a kan kuɗin aiki.

Yanzu ga wadda ta fi ciwo. A ƙasar Hausa waƙa tana da ubangida. Sarki, ko attajiri, ko ɗan siyasa. Ka wasa Alhaji, Alhaji ya yi maka babur, wani lokaci har kujerar Makka. Rege kuwa an haife shi ne don ya faɗi abin da ubangida ba ya son ji. Alpha Blondy na Kodebuwa da waƙar dukan da 'yan sanda suke yi wa mutane a samame ya yi suna a farkon shekarun 1980. Lucky Dube na Afirka ta Kudu, faifansa na farko na rege gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi. Tiken Jah Fakoly sai da ya bar ƙasarsa Kodebuwa ya koma Bamako a 2003 saboda bakinsa. To wa zai biya ka ka faɗa masa gaskiya? Yaron nan an taɓa kiransa lokacin zaɓe, aka ajiye masa kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, aka ce ya sa sunan wani a cikin waƙar yayansa. Ya zo yana tambayata. Na ce ni ba zan ce maka kada ka karɓa ba, ba ni ke ciyar da innarka ba. Amma ka yi musu wata daban, wannan ka bar ta. Abin da ya yi, shi ya sani. (dariya)

Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma ina roƙonku ku yi rajistar waƙoƙinku, ko don ranar da wani zai ce tasa ce. Sai dai mai tura waƙa a bakin kasuwa, da WhatsApp, sun riga kowace hukuma isa kunnen mutane. Waƙarka za ta kai Agadas cikin kwana biyu, kai kuwa ko dala ba ka gani ba.

Batun gashi da wiwi ba zan daɗe a kai ba. Iyaye suna da hujjar tsoro, mun ga yaran da suka ɗauki hayaƙin suka bar kiɗan. Aƙidar Rasta ta mutanen Jamaika ce, tana da tarihinta, ba dole sai ka ɗauke ta kafin ka bar ɗaya wayam ka buga uku ba. Yaron nan da hularsa yake waƙa, kuma sahun gaba yake sallar asuba, maƙwabcin masallacinsu ne ya faɗa mini.

Abin da na fi matsa masa a kai shi ne harshe. Ya zo mini da wata waƙa cikin Turancin Jamaika da shi kansa bai san fassararsa ba. Na ce Alpha Blondy da Julanci ya kama mutanensa. Lucky Dube sai da ya yi shekaru yana kiɗan gargajiyar Zulu kafin ya juya. Kai kana da Ɗan Maraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi, wanda ya yi wa karen mota waƙa tun ba a san za a kira irin wannan waƙar gwagwarmaya ba. Kana da Ɗan Anace. Ka saurari yadda suke ajiye magana a kan kiɗa, Hausa tana da hawa da sauka, in ka murɗe ta don ta bi kiɗan wasu sai ma'ana ta gudu.

Ga inda muke yau. Mun samu mai bas, a coci ya koya, don a garin nan kusan can ne kaɗai yaro ke taɓa kayan kiɗa kowane mako, wannan kuma abin dubawa ne gare mu. Mai ganga ɗan gidan makaɗan kalangu ne, wata biyu muna fama da shi kafin hannunsa ya yarda ya bar ɗayan nan, yana cewa, "Baba, wurin nan fa rami ne." Jita tawa ce, tsohuwar nan. A garejin wani abokina muke haɗuwa ran Lahadi bayan la'asar, in magariba ta yi mu tashi. Sun iya waƙa huɗu. Mai piyano muke nema har yanzu, in akwai shi a zauren nan ya same ni a ƙofa.

Mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Za mu karɓi tambaya uku, sannan yaran su haɗa kaya ku ji waƙar Jado da hannun mutane. Malama, ke da ke can gefen taga, kin riga kowa ɗaga hannu. Bismillah.