Sharhi: Wa ke tallafa wa mai jinyar masu taɓin hankali?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Tawa ya shafi ma'aikatan jinya, infirmiye ke nan, da nauyin masu taɓin hankali da muka ɗora musu.

Duk gidan da aka taɓa samun mai wannan lalura an san hanyar da ake bi. A fara da malam, a sha rubutu, a yi ruƙiyya, wasu su leƙa wajen boka ko ƴan bori. Sai abu ya gagara, an sayar da ƴan awakin gida, sannan a ɗoro shi a amalanke ko bayan babur, wani lokaci da tabon mari a ƙafa, a kawo shi CSI, wato ƙaramin asibitin gari. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƴan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yamai, inda Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, yake, tafiyar fiye da kilomita 500 daga nan. Saboda haka mai jinya ne zai tarbe shi, shi ɗin nan da tun asuba yake fama da masu zazzaɓin cizon sauro da rigakafin yara.

Ga abubuwan da ke jawo lalurar sun yi mana zobe. Mutanen Tillia ba su manta da watan Maris na 2021 ba, ranar da aka kashe mutum 137 a cewar gwamnati, kuma waɗanda suka tsira suna nan da abin da idonsu ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake rikici, mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Ga ƴan bida da ke dawowa daga Libiya da Aljeriya hannu wofi, ga samarin da tramol ya cinye, ga maijegon da ta daina magana, ta ƙi shayar da jaririnta, dangi na cewa iskoki ne.

Tun 2008 hukumar ta fito da tsarin mhGAP, domin ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararren ƙwaƙwalwa ba ya iya gane baƙin ciki mai tsanani, da ruɗewar hankali, da farfaɗiya, ya fara magani. Tsari ne mai kyau. Amma taron horo na ƴan kwanaki, a karɓi kuɗin zama a watse, ba ya mai da mutum gwani. Mai jinya yana bukatar wanda zai biyo shi har wurin aikinsa su duba takardun marasa lafiya tare, da lambar ƙwararren da zai kira da tsakar dare in abu ya rikice. Yana bukatar magani a farmasi. Masana sun ce kusan mutum 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata, maganin kuma ba mai tsada ba ne. Abin takaici ne a ce mai jinya ya gane ciwo, ya san maganinsa, amma ya sallami uba da ɗansa da takarda kawai.

Sai batun jagoranci, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙa. Ku tsaya a bakin ƙofar wata CSI ku ji abin da mazor, wato shugaban ma'aikatan jinyar wurin, zai faɗa in an shigo da saurayi a ɗaure yana ihu. Wani zai ce, "Ku fitar mini da mahaukacin nan." Wani kuma zai sa a kore ƴan kallo, ya jawo benci ya ce, "Baba, zauna ka sha ruwa. Yaya sunan yaron? Tun yaushe rabonsa da barci?" Ƙananan ma'aikata da ɗaliban da suka zo koyon aiki suna tsaye suna kallo, abin da suka gani kuma shi za su yi shekara da shekaru. Irin mazor na biyu shi ya kamata a tura ƙaro ilimi, a ƙara masa girma, a ba shi kujera inda ake tsara aikin lafiya na gunduma. Kada a horar da shi yau, gobe a ɗauke shi a kai inda ba zai yi amfani da abin da ya koya ba.

Mu kuma tuna, tausayi yana ƙarewa in ba a tausaya wa mai shi. Ma'aikaciyar da mara lafiya ya mara cikin ruɗewa, tana gadin dare ita kaɗai, washegari ta dawo ba wanda ya ce mata sannu, a hankali zuciyarta za ta bushe. Shugabannin asibitoci su ware lokaci ko sau ɗaya a wata, ma'aikata su zauna su faɗi abin da ke cin su, kuma kada a bar mutum guda da gadin dare inda ake kwantar da masu wannan lalura.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ake yin bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Muna roƙon hukumomin lafiya na jahar Tawa, bayan jawabai, su faɗa mana ma'aikatan jinya nawa aka horar a bana, da nawa daga cikinsu aka koma aka duba a wuraren aikinsu.